Kalmar da Nake Cirewa a Ɓoye

Har na yi ritaya ban manta da safiyar Litinin ɗin da Alhaji Umaru ya kira ni ofishinsa, na tarar da fayil biyar a buɗe a kan teburinsa ba.

Lokacin ba a daɗe da ƙirƙiro Jihar Kebbi ba. Ni mai buga tafireta ne a wani ofishin ilimi a Jega, kuma ba a tabbatar mini da aiki ba tukuna. Ga waɗanda ba su sani ba, sabon ma'aikaci yakan yi shekara biyu ana gwada shi, sannan shugabansa ya cike takarda ya ce a riƙe shi ko a sallame shi. Takardata tana hannun Alhaji Umaru, ga kuma matata da tsohon ciki.

Tsarin aikin shi ne shugaba ya rubuta wasiƙa da hannu, in buga ta da takardar kabon, a aika da ta sama Birnin Kebbi, a saka kofin da rubutun hannun cikin fayil. Ranar da na kama aiki, babban akawunmu Malam Bala, mutumin Giwa Tazo, ya kafa mini doka: "Abin da kag gani shi za ka bugawa. Ko kuskure na, ba naka ba na."

Alhaji tsohon hedimasta ne, Turancinsa ba na wasa ba ne. Sai dai yana da ɗabi'a guda: in ya buɗe jimla da "although", sai ya dasa "but" a tsakiya. Da Hausa mukan ce "ko da yake an biya, amma ba a kawo ba", magana ta zauna daram. Turanci kuwa ɗaya yake so, ta biyun kaya ce kawai. Mu a makarantar koyon tafireta da bulala aka raba mu da wannan. Don haka ran da na fara cin karo da ita, yatsana ya ƙi. Na tsallake ta, Alhaji ya sa hannu bai lura ba. Haka na yi ta yi shekara ɗaya da rabi, ina jin kaina wani gwani, amma ko kusa ban da ƙarfin halin gaya masa.

Albasa ce ta tona ni. Na ɗauki hutun kwana uku na tafi Aliero taya yayana cirar albasa, wani ya zauna a kujerata, ya buga wasiƙa yadda ya gan ta. Aka maido ta daga Birnin Kebbi saboda an manta haɗa wata takarda, kuma wani mai ƙaiƙayin hannu a can ya zagaye "but" ɗin da jan biro. Alhaji ya ce mai bugun ne ya ƙara. Malam Bala ya kawo rubutun hannun, ga ta nan zaune. Sai Alhaji ya ce a ɗauko tsofaffin fayiloli. Duk rubutun hannunsa tana ciki, duk kofin da na buga babu.

"Sani, wagga kalma ina kaka kai ta?"

"Ranka shi daɗe, cire ta nika yi."

"Da iznin wa?"

Ina hango takardar tabbatar da aikina a gefen hannunsa, babu ko ɗigo a kanta. Na yi masa bayanin ƙa'idar, ya saurare ni har ƙarshe.

"Shekara goma sha biyu ina hedimasta," in ji shi. "Ɗiyan mutane nawa nik koya ma wanga abu? Kai ka sani, kana nan bayan ƙohwata, kag gyara takarda kab bar ni da kuskurena. Tsoro na ko raini na?"

"Tsoro na, ranka shi daɗe."

"To shi ma ba ya da amfani gare ni."

Ya jawo aljihun tebur ya miƙo mini fensir. Ya ce daga yau duk abin da na gani in ja masa layi, in kawo masa kafin in buga. In ya yarda a gyara, in bai yarda ba in buga yadda yake. Malam Bala dai bai so ba, ya kwana biyu yana amsa gaisuwata da ka.

Sannan Alhaji ya jawo takardar tawa, ya rubuta layi uku, ya juyo mini da ita. "Ɗiba, ko akwai abin cirewa." Na karanta. Ya rubuta a tabbatar da ni. Hawaye suka cika mini ido, na ce babu. Ya yi dariya, ya ce in tashi in ba shi wuri.

Bayan wata guda, a taron hedimastoci, na gan shi da idona ya rubuta irin jimlar a allo, ya ce kuskurensa ne, mai tafiretansa ya gano, kowa ya je ya duba darasinsa.

Abin da nake so ku riƙe, ku na baya, shi ne aikinmu bai tsaya ga takarda ba, akwai mutum a bayanta. In kun ga kuskuren na sama da ku, ku same shi shi kaɗai, cikin ladabi, ku faɗa masa. Na yi shekara ɗaya da rabi ina cewa asirin Alhaji nake rufawa, ashe kaina kawai nake karewa.