Tsummokara a Cikin Sitiyari

Shokin ake kiransa a gareji, kuma ba don wayar mota da yake gyarawa kaɗai ba. Mutum ne wanda in ka taɓa shi ta inda bai dace ba, sai ka ji a jikinka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, furfura ta fara cin gemunsa, kullum tabaransa na rataye a wuya da igiyar takalmi. Shekara ashirin da shida ya yi a rumfa ɗaya, a kusurwar filin da yayansa ke sayar da motoci. Yayan kan sayo motocin da suka sha bugu, fanel bita ya miƙe su, mai fenti ya shafe, a jera su a gaba suna ƙyalli. Shokin yana can baya da mitarsa, da ƙarfen narka dalma, da wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi abin da ke damun mota.

Yawancin faɗansa da direbobi a kan abu ɗaya ne. Mutum zai zo ya nuna jar fitilar jakar iska a dashbod, jakar da ke buɗewa ta tare direba in an yi karo, ya ce, "Kashe mini wannan, ta ishe ni."

"Ita ta ishe ka, ko gaskiyar da take faɗa maka?" in ji Shokin. "In ɗanka ya yi kukan ciwo, bakinsa kake toshewa? Ja motarka ka ba ni wuri."

Da yawa sun ja ba su dawo ba. Shi kansa yayan ya daɗe da daina ba shi aikin motocin sayarwa, wai ya cika nawa da tone-tone, yana kai su wani wuri. Shokin bai damu ba, har cewa yake an rage masa ciwon kai.

Ranar wata Talata da hantsi Auta ta zo. Ita ce ƙaramarsu, ungozoma ce, sau uku a mako take bin babbar hanya zuwa wani ƙaramin asibiti, hanyar da manyan motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Wata biyu ke nan da ta sayi mota a hannun babban yayansu, shi ya zaɓa mata da kansa.

"Yaya Shokin, hon ɗina ya mutu," ta ce. "Jiya sai da na leƙo ta taga ina yi wa akuya magana."

Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba, ya shiga ya murɗa makulli. Fitilun dashbod suka kama gaba ɗaya. Ya tayar da inji, suka mutu. A nan dariyar ta tsaya. Fitilar jakar iska a mota mai lafiya takan jira 'yan daƙiƙu ta mutu don kanta, ba ruwanta da inji. Wannan kuwa tare ta mutu da fitilar mai, ƙiftawa ɗaya. Ya kashe ya sake, har sau uku. Wani ne ya haɗa wayoyinsu, don mai saye ya ga kamar komai lafiya.

Ya jona na'ura. Na'urar ta ce sensar gaba ta hagu ba ta amsawa, ta dama kuma babu labarinta sam.

"Mene ne?" in ji Auta, don ta ga jijiyar goshinsa ta tashi.

"Samu kujera ki zauna."

Ya cire kan batir, ya jira wutar ta gama sauka, don ba a wasa da rawayen wayoyin jakar iska, sannan ya kwance bamba. Sensocin nan biyu suna zama ne a bayanta, hagu da damar lagireto, kowacce ba ta fi kwalin ashana ba. Su ne ke fara jin bugu su sanar da ƙwaƙwalwar mota ta buɗe jaka kafin ƙirjin direba ya kai ga sitiyari. Ta hagu ya same ta a tsage, an ɗaure da wayar ƙarfe tana lilo, ruwa ya shiga bakin soket har ya yi kore. Ta dama babu ita, an datse wayar an naɗe da baƙin salatif.

Ya koma ciki ya buɗe murfin sitiyari, inda matsalar hon take. Ba jaka a wurin. Abin da ya zaro tsohuwar singileti ce, da guntun soson katifa, da safa ƙafa ɗaya, an danna su an liƙe murfin da gam don ya yi tudu.

Auta ta dube su ta dube shi. "Wannan ne zai tare ni?"

Ya kwashi tsummokaran ya nufi ofishin yayansa, inda fanka ke juyawa, wani mai saye na zaune yana duba takardu. Ya zube su a kan tebur.

"Yaya, ga kayanka. A motar Auta na same su."

Yayan ya kalli baƙon, ya yi murmushin yaƙe. "Ka bari in sallami mutum mana."

"Gara ya ji. Malam, wacce za ka saya? Kawo makullin in duba maka kyauta."

Baƙon ya ajiye takardu ya ce zai dawo. Yana fita yayan ya miƙe tsaye.

"Kana da hankali kuwa? Kowa a sana'ar nan haka yake yi. Mota nawa ke yawo babu wannan abin? Mu da muka taso, da jakar iska muka san mota?"

"Motocin da muka taso da su ba su yi wa kowa ƙarya ba. Wanda ya shiga ya san abin da ya shiga. Kai kuwa ka sa an koya wa fitila ƙarya, ka ɗauki makulli ka miƙa wa yarinyar da ka goya a bayanka."

"Ban san abin da mai wayarin ya yi ba."

"Ka sani. Shi ya sa ka daina ba ni."

Da yamma maganar ta kai ɗakin mahaifiyarsu. Inna tana zaune a bakin gado, ƙafafunta da ke kumbura a kan matashi, ta ce a yi haƙuri, ciki ɗaya suka fito, kada a tona wa juna asiri a idon duniya. Shokin ya durƙusa kamar yadda ya saba.

"Inna, duk abin da kika ce in bari a rayuwata na bari. Wannan ba nawa ba ne balle in yafe." Ya zaro safar nan daga aljihu ya ɗora a gefen gadonta. "Da tirela ta taka birki a gaban Auta, wannan ce za ta tsaya tsakaninta da ƙarfe."

Inna ta ɗauki safar ta juya ta. Sannan ta dubi babban ɗanta ta tambaye shi mota nawa ya sayar a haka. Ya ce bai ƙirga ba. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri, kanta na ciwo.

Kwana huɗu Shokin ya yi a kan motar Auta. Ya samo sensoci masu kyau da jaka, ya raba wayar fitilun, ya goge laifin a na'ura, ya murɗa makulli yana ƙirga daƙiƙu da baki har fitilar ta mutu don kanta. Washegari ya kwance rumfarsa, ya koma wani lungu a bayan masu walda, inda rana ke dukansa tun sha ɗaya.

Fanel bita ne ya biyo shi a ɓoye ya faɗa masa motoci tara da ya san an yi wa irin wannan aiki. Shokin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya sami shida. Huɗu sun kawo an gyara. Wani malamin makaranta ya zage shi ya ce neman aiki yake yi. Wani kuma ya saurare shi tsaf, ya yi godiya, cikin makon ya sayar da motar ga wani bai faɗa masa komai ba. Wannan ya fi komai ƙona wa Shokin rai, har yau in ya tuna sai ya ajiye abin da ke hannunsa.

Shi da yayansa suna gaisawa in sun haɗu a ɗakin Inna, iyakarta ke nan. Matarsa takan ce ya rage zafi, hawan jini ba ya tambayar wa ke da gaskiya. Yakan ce to, ya haɗiye ƙwayarsa, ya fita. Motoci ukun da suka rage bai same su ba, an ce ɗaya ta bar gari tuni.