Malamar da ke tuɓe takalmi

Ina jiran Yaya a ƙofar ajin Turanci na manya, idona yana kan malamarsu. Siririya ce, alli ya ɓata mata hannun riga, takalminta mai tsini. Yau kwatance take koya musu, amma ba ta rubuta komai a allo. Mutum uku take jerawa, kowa ya faɗi tsayinsa da bakinsa.

"Direba, kai fa?"

"I am taller than Tela," in ji shi, yana wani ɗaga kafaɗa. Aji ya kwashe da dariya.

Sai aka zo kan wata dattijuwa 'yar guntuwa, wadda tun kafin a tambaye ta ta sunkuyar da kai. Malamar ta tuɓe takalminta, ta koma ƙarshen layi, har da ɗan lanƙwasa gwiwa.

"Ni ce shortest, Inna. Ke me za ki ce?"

Na tsaya ina tunanin a wane aji aka taɓa tsayar da malamar nan a ƙarshen layi, kuma wa ya yi mata dariya. Dattijuwar kuwa ta ɗago kai ta ce "taller" da ƙarfi, kamar shekara sittin take jiran a tambaye ta.