Ranar da Yaya Ta Kasa Gudu

Yayata ta fi ni ƙarfi tun muna yara. A Shinaka, inda aka haife mu, ita ke dakan geron gidanmu, ta kuma ɗauko albasa a kai daga fadama har gida ba tare da ta sauke ba. Doguwa ce siririya. Ni ce mai jiki a lokacin, ni ake tsokana.

Aure ya kai ni Wurno, inda nake koyarwa a firamare. Ita ta zauna a Shinaka da mijinta da 'ya'yanta har shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan wajen. Da aka kore musu shanu, aka kuma harbe wani maƙwabcinsu a gona, sai mijinta ya kwashe su suka koma cikin Goronyo, suka kama ɗakuna a gidan haya. Babu fadama, babu turmi, gero ma inji ake kai shi. Don kada zama ya yi mata yawa, ya buɗe mata ɗan shago a zauren gidan: biskit, alawa, cincin na leda, taliyar nan ta leda mai ƙunshin yaji a ciki, da lemon roba a kula mai ƙanƙara.

Zuwana na farko na tarar ta yi kumari, na yi murna. Kowa ma cewa yake gari ya karɓe ta. Amma da aka jima, duk zuwan da na yi sai na ga ta ƙaru, har zannuwanta suka daina zagaye ta. Wata rana na zauna da ita a shagon bayan mun ci tuwo da miyar kuka. Na lura hannunta yana tafiya cikin kwalin biskit shi kaɗai, ba ta ko duba shi. Idan babur ya wuce da ƙarfi a waje sai ta zabura, ta saurara, sannan hannun ya sake komawa cikin kwalin.

Na ce, "Yaya, ba yanzu munka ci tuwo ba?"

Ta ce, "Mun ci. Ciki ya cika, baki dai bai yarda ba."

"To mi kike ji in kin ci?"

Ta murza ledar biskit ɗin da ke hannunta. "Hankalina shina kwantawa ɗan lokaci. In ya tashi, in ƙara." Ta ce fura ma yanzu kamar ruwa take jin ta, tuwo kuma sai ta tura shi da lemo.

Ban ɗauki maganar da nauyi ba sai ranar da muka je gaisuwar kawunmu. A Shinaka ya rasu, cikin damina, gero ya yi tsawo ya fara fitar da kai. An ce mana wajen ya lafa kwana biyu, don haka na hau mota daga Wurno da safe, muka haɗu da Yaya a Goronyo, muka ƙarasa a kan babura. Sai da mai babur ɗin da ya ɗauke ta ya tsaya a hanya ya duba tayarsa, ita kuwa ta kau da kai kamar ba ta gani ba.

Bayan azahar muna zaune cikin mata a tsakar gida, ana ta shigowa ana gaisuwa, sai muka ji wani namiji yana ihu daga waje: "Ga su nan! Babura sun hito ta yamma!" Kafin a tambaye shi, muka ji harbi daga nesa, sau ɗaya, sannan a jere.

Ban san yadda tsakar gidan ta watse ba. Mata suka suri yara, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba, aka bi ta ƙofar baya zuwa gonakin gero. Na kama hannun Yaya na ja. Tashinta daga tabarma kaɗai sai da ta dafa bango. Muka fita, muka bi sawun mutane. Tsofaffi suka wuce mu. Wata mai tsohon ciki ta wuce mu. Ba mu kai tsakiyar gonar farko ba na ji numfashinta ya koma kamar ana jan zarto, gumi ya jiƙa mata riga.

Ta tsaya, ta durƙusa. "Tahi ki bar ni."

"Tashi, Yaya, don Allah!"

"Ba ni iyawa. Kina da ɗiya ƙanana. Tahi."

Na waiga. Rufin gidajen ƙauyen yana nan kusa, ana hango shi ta tsakanin kara. Ƙarar baburan kuma ta matso. Na ga ba zan iya ɗaukar ta ba, ba zan kuma iya tafiya ba. Na tura ta ta kwanta a kwarin kunya, na kwanta a gefenta, na janyo ganyen wake na rufa mana. Numfashinta ya cika mini kunne, na tabbata duk wanda ya zo bakin gonar zai ji shi. Na naɗe mayafina na ɗora mata a baki, ina karanta duk addu'ar da ta zo mini. Muka ji baburan sun bi hanyar da ke gefen gonar, muka ji muryoyinsu, ɗaya yana dariya. Tumaki suna ta kuka. Yaya ta damƙe mini hannu har farcenta ya shiga fatata.

Sun wuce. Daga baya muka ji dabbobin bakin gari suka kora, suka yi harbi sama, suka tafi. Amma mu muna nan kwance har rana ta yi sanyi, sai da muka ji muryar mijinta yana kiran mu. Da ya ɗaga ta, abin da ta fara cewa shi ne a ba ta ruwa, kuma ba ta ganin fuskarsa sosai, kamar da hayaƙi a gabanta.

Washegari muka kai ta asibiti a Goronyo. Wadda ta duba ta wata malamar jinya ce Kirista, 'yar kudancin Kaduna, da ke haya a unguwarsu, kowa Sista yake ce mata. Ta soki yatsanta ta gwada jini, ta ɗaura mata abin awo a dantse, ta ce sukari ya hau, jini ma ya hau. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce kwaɗayinta ne ya ja mata.

Sista ta ce, "Maman yara, ba kwaɗayi ba ne kawai. Waɗannan kayan ledar, an haɗa sukari da mai da gishiri daidai yadda baki zai so ƙari. Ba sa buƙatar tauna, suna narkewa su wuce kafin ciki ya sanar da ke ya ƙoshi. Sukarin ya hau jini da sauri, ki ji daɗi, ya sauka da sauri, ki ji kamar ba ki ci komai ba. Abin da ya yi saura jiki ya tara shi kitse. In an daɗe a haka, jikin ya gaji da sarrafa sukarin. Ga tsoro kuma a ranki, kina zaune da su a gabanki wuni guda. Wa zai iya?"

Yaya ta ɗago ta dube ta. Ina jin wannan ne karo na farko da wani ya yi mata maganar ba da faɗa ko dariya ba.

Sauƙin bai zo da sauƙi ba. Mijinta ya so rufe shagon, ta ce in an rufe shi zaman ɗaki zai kashe ta. Suka yi kwanaki ba sa magana. A ƙarshe aka kwashe biskit da lemon, aka zuba gero da wake da kuka da daddawa. Makonnin farko kanta ya yi ta ciwo, ta riƙa yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ba. Ta sa aka sayo mata turmi, amma ɗaga taɓaryar kaɗan take yi ta zauna tana haki. Ta kira ni wata rana ta ce ta aika a sayo mata lemo daga wani shagon, ta shanye, ta kuma aika a ƙaro. Na ce ta faɗa wa Sista. Ta faɗa mata, Sista ta ce gobe ma rana ce, a ci gaba.

Ta ragu, amma ba ta koma yadda na san ta ba. Tana shan magani kullum, gwiwarta ta hagu har yanzu tana damun ta. Tana dai iya takawa kasuwa ta dawo da ƙafarta.

Bara babbar 'yarta ta haihu a Rabah, muka je suna. Aka shigo da lemo kwali-kwali, aka jibge a kusa da inda muke zaune, ana ta miƙa wa baƙi. Na ga idonta ya tsaya a kansu, ta haɗiye yawu. Sai ta taɓa ni ta ce a hankali, "Taso ki zamna nan, tsakanina da su." Na tashi na koma can. Aka miƙo mata jaririyar, ta karɓe ta da hannu biyu, ta riƙe ta har aka watse.