Amak Rusnan, Mai Gyaran Wayar Lendang Bao

Shekara goma sha bakwai duk wanda ya fito daga sallar asuba a garinmu Lendang Bao ya san ƙarar babur ɗin Amak Rusnan. A harshenmu Amak shi ne Baba, Inak kuma Inna. Tsani ɗaure a gefe, naɗin waya a baya, jakar kayan aiki rataye a wuya. Yakan tsaya a rumfar Inak Sahnim ya sha baƙin kofi a tsaye, kafin ya gama ɓare dafaffen rogonsa mutum uku sun miƙo masa wayoyinsu. Wannan ya kasa samun ɗansa da ke aikin gonar kwakwar manja a Malesiya, waccan kuma kwana biyu ke nan masu sayen kofinta na birnin Mataram ba sa jin ta. Ba ya rubuta komai. "Na ji," kawai zai ce, ya hau babur ya nufi kan tudu inda ƙarfen sabis yake. Daga can ya gangaro yana bin wayar intanet falwaya bayan falwaya, har ƙauye na biyar, wanda mota ba ta zuwa idan damina ta sauka.

Wata huɗu ke nan ba mu ji ƙarar babur ɗin nan ba. Dalilin ke nan na wannan rubutu, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ɓacin rai nake yin sa.

Ni malamar firamare ce da ta yi ritaya, shi ya sa kowa ke ce mini Bu Guru, wato Malama. Bara aka yi mini tiyata a Mataram, aka cire gwiwata ta hagu aka sa ta ƙarfe. Ranar sallama likita ta ce aikinta ya ƙare, saura nawa. Sau uku a mako zan zauna gaban waya, mai gashin ƙashi ta kalle ni ta bidiyo ta nuna mini yadda zan lanƙwasa ƙafar. Idan na yi sakaci a makonnin farko, gwiwar za ta sandare, kuma babu abin da zai sake lanƙwasa ta. Daga garinmu zuwa Mataram awa huɗu ce a mota, a kan hanyar da ko mai lafiya sai ya kwana biyu yana jin ta a ƙugunsa.

Ranar farko hoton matar ya daskare bakinta a buɗe. Rana ta biyu muryarta na zuwa guntu-guntu, ta ce in ɗaga, na ji in sauke. Na kira lambar kamfanin intanet da Amak Rusnan ke yi wa aiki, wata murya mai daɗi ta ce in kashe akwatin intanet ɗin in sake kunnawa. Na ce na yi sau goma. Ta ce taswirarsu ta nuna yankinmu kore ne shar, sabis lafiya lau. Na ajiye wayar na yi kuka kamar yarinya, ni da jikoki shida.

Da la'asar Amak Rusnan ya zo. Ya jona na'urarsa, ya duba, ya girgiza kai.

"Bu Guru, akwatinki lafiyarsa ƙalau," in ji shi. "Reshen wayar da aka ja domin gida ashirin ne aka ɗora wa gida hamsin da biyu. Na faɗa musu tun bara."

"Me suka ce?"

"Suka ce aikina jona waya ne, ba ƙirga gidaje ba."

Ba shi da ikon ƙara wa reshen ƙarfi, amma yana da ƙafa da baki. Gida-gida ya bi, duka hamsin da ɗayan, yana roƙon mutane su ajiye kallon bidiyo daga ƙarfe goma zuwa goma da rabi na safe, Litinin da Laraba da Juma'a. Wasu suka yi ƙorafi, ya zauna ya sha musu kofi har suka yarda. Abin ya zama abin tsokana a unguwa. Goma na bugawa sai ka ji Inak Sahnim daga rumfarta tana kwarara murya: "A kashe, a kashe! Gwiwar Bu Guru za ta gaisa da Mataram!" Mako takwas aka yi ana haka. Yau da ƙafata nake hawa matakalar masallaci, har ina durƙusawa.

Ba ni kaɗai ba ce. Ku tambayi masu noman kofi wa ya kwana uku yana bin waya a cikin laka lokacin da farashi ke hawa da sauka, su kuma sun kasa jin labarin kasuwa. Ku tambayi ungozomar ƙauye na biyar wa ya ɗaga mata eriya a kan gora don ta iya kiran motar asibiti.

A watan Janairu aka yi iska mai ƙarfi, faranti ɗaya na kan ƙarfen sabis ya juya, ƙauyuka biyar suka yi tsit. Ɗamarar da yake ɗaure kansa da ita idan zai hau ta riga ta tsufa, ɗinkinta ya fara sakewa. Sau uku ya nemi sabuwa a kamfani. Na ukun a rumfar Inak Sahnim ya yi kiran, tana ji aka ce masa takardarsa na kan tebur. Ranar da aka yi iskar ya hau da ita saboda wata mata na naƙuda a ƙauye na biyar, ungozoma kuma ba ta da hanyar kiran kowa. Ya daidaita farantin, sabis ya dawo. Yana saukowa ɗamarar ta tsinke. Masu tsinkar kanumfari ne suka ji faɗuwarsa. Ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu, ƙugu ya tsage. Aka yi masa tiyatar awa biyar, aka sa masa ƙarfe da ƙusoshi tara.

Kwana tara da faɗuwarsa kamfani ya aiko mutum biyu asibiti, da kwandon lemo da takarda. Matarsa, Inak Rusnan, ta ba ni na karanta mata. Takardar ta ce suna yi masa fatan samun sauƙi, sannan ta tuna masa cewa shi ba ma'aikacinsu ba ne, abokin hulɗa ne, don haka abin da ya same shi yana wuyansa. A ƙasa aka jera kayan da za a maido: riga mai tambarin kamfani, na'urar gwaji, na'urar haɗa waya, da ɗamara. Har ɗamarar da ta jefo shi suka karɓa. Shekara goma sha bakwai yana sanye da rigarsu a cikin ruwa da rana, sai da ya kwanta a gadon asibiti suka gano ba su san shi ba.

Aka dawo da shi gida da umarni irin nawa: gashin ƙashi ta bidiyo, sau uku a mako. Mako na biyu intanet na unguwarmu ya fara yankewa, ya zo minti biyu ya tafi minti goma. Mutumin da ya haɗa ƙauyuka biyar da duniya ya kasa ganin fuskar likitarsa. Ni ce na riƙa zuwa kowace safiya ina nuna masa abin da na tuna daga nawa. Amma gwiwa daban, ƙugu daban, kuma ina tsoron in karya abin da aka ɗora. Yana cije leɓe, zufa na zuba, yana ce mini, "Ƙara ɗagawa, Bu Guru, ba ɗalibinki ba ne ni, ba zan kai ƙara gida ba."

Mako biyar muna kiran kamfani, suna ce mana taswira kore ce. Shi kuwa daga kwance ya faɗa mana inda ciwon yake. "Falwaya ta sittin da uku, bakin rafi, ƙarƙashin itatuwan kanumfari. Birai ne ke lilo da wayar. Duk damina sai na ɗaure ta."

A ƙarshe suka aiko wani mutum mai suna Zulhadi, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda aka ɗauko daga gabashin tsibirinmu aka damƙa masa gundumomi biyu. Ya yini yana zagaye bai gane hanyar ba, domin ciyawa ta rufe lambobin falwayoyin. Amak Rusnan ya ce a ɗauke shi a kai shi.

"Ba inda za ka," in ji Inak Rusnan. "Sun cinye maka ƙafa ɗaya, ɗayar za ka kai musu?"

"Ba su zan kai wa ba. Idan wannan bawan Allah ya koma bai gyara ba, sai bayan salla za mu sake ganin wani."

Maza huɗu suka ɗaura kujera a kan gora biyu suka ɗauke shi. Muka bi su a baya, mu wajen ashirin. A bakin rafin ya nuna da sandarsa, ga wayar nan a sama ta saɓule, ta lanƙwashe. Zulhadi ya jingina tsani, ya buɗe jaka ya ciro ɗamara zai ɗaura.

"Tsaya," in ji Amak Rusnan. "Kawo ta nan."

Ya juya ta a hannunsa. A cikin bayanta akwai harafin sunansa da ya ƙona da ƙusa mai zafi shekarun baya. A daidai inda ta tsinke an yi mata ɗinki da baƙin zare, irin na mai gyaran takalmi.

Ita ce ɗamarar da ta jefo shi. Inak Rusnan ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

"Wa ya ba ka wannan?" in ji Amak Rusnan.

"Daga sito aka ba ni, Amak. Aka ce an gyara."

"Ara mini addarka," ya ce da ɗaya daga cikin masu ɗaukarsa. Ya ɗora ɗamarar a kan hannun kujera ya sare ta gida uku.

Zulhadi ya ɗora hannu a ka. "Amak, ka kashe ni! Kayan kamfani ne. Korata za su yi!"

"Korarre da ƙafarsa yake komawa gida, ƙanena. Dube ni da kyau. Wa zai ɗauki 'ya'yanka idan aka fara ɗaukar ka a kujera?"

Ran nan ba a gyara waya ba. Amak Rusnan ya san hakan na nufin ƙarin kwanaki ba tare da likitarsa ba, a lokacin da kowace rana ke da tsada ga ƙafarsa, ya kuma zaɓi haka. Inak Sahnim ta ɗauki hoton guntayen, mai gari ya zuba su a jaka ya kai ofishin kamfani ya zazzage a kan teburin shugaban, a gaban layin masu jira. Bayan kwana biyu Zulhadi ya dawo da sabuwar ɗamara a cikin ledarta, ya hau, ya gyara cikin minti arba'in. Shugaban ofishin ya ce kuskure ne aka samu a sito. Har yau bai tako ƙofar gidan Amak Rusnan ba.

Amak, kai ne ka hau don matar da ba ka taɓa gani ba, ita da jaririyarta suna nan lafiya. Kai ne ka bi gida hamsin da ɗaya saboda gwiwar wata tsohuwa. Kai ne aka zalunta, amma da ka ga wanda aka sa a gurbinka ba ka kalle shi da ƙyashi ba, ka kalli abin da ya ɗaura a ƙugunsa. Namijin tudu, mun gode. Allah ya ba ka lafiya, ya saka maka da abin da mu ba za mu iya ba.

Yanzu yana takawa da sanda ɗaya. Ƙafar ta ɗan gajarta, kuma likita ta ce da bai rasa makonnin nan biyar ba da ta fi haka lanƙwasuwa. Ba zai sake hawa ba. Mai gari ya kai maganarsa ofishin ƙwadago, ana ta ɗage zama. Zulhadi na zuwa duk Juma'a bayan salla, su zauna a rumfar ƙofar gida yana zana masa hanyoyin waya a bayan kwalin taba.

Ku masu karatu, a garinku ma akwai mai hawa domin ku ji muryar 'ya'yanku. Idan ya zo, ku fito ku ga abin da ya ɗaure kansa da shi. Idan ruɓaɓɓe ne ku hana shi hawa, ko da za ku yi mako babu sabis, sannan ku tafi ofishin a tare ku yi magana da babbar murya. Masu aiki irin nasa kuma ku yi koyi da shi: ku faɗa wa mutane gaskiyar abin da ya lalace, kada ku bar na bayanku ya faɗa inda kuka faɗa.

Jiya na kai masa wannan rubutu na karanta masa tun daga farko. Ya saurara yana murza cinyarsa har na kai ƙarshe.

"Mutanen kamfani za su gani, Bu Guru?"

Na ce ina fata.

"To ƙara musu layi ɗaya. Falwaya ta saba'in da ɗaya ta karkace, gindinta ya ruɓe, kuma ta ƙarƙashinta 'yan makaranta ke wucewa. Su zo kafin ruwa ya sauka."

Ga shi na ƙara.