Tanko na Bayan Aji

Ƙwal! Ƙwal! Ƙwal! Duk wanda ya zauna layinmu a Sabon Gari ya san wannan ƙara. Ƙarfe takwas daidai kakana Mushe Ila zai fito da guntun rodi, ya bugi tsohon ƙarfen tayar mota da ya rataya a dogon yaron ƙofar gida, sannan ya goya hannuwa a baya yana kallon hanya kamar mai jiran yara su yi layi. Ya shekara goma sha ɗaya da aje aikin koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, amma ƙarfen bai huta ba. Ko ranar Salla sai ya buga kafin ya tafi Idi.

Hamisu tela da ke kallon gidan ya taɓa gajiya, ya ce, "Mushe, don Allah wane aji kake kira? Lakwal ɗin tana ina?"

"Duk wanda bai gama koyo ba shi nika kira," in ji Mushe. "Kai ne na farko. Dubi wuyan rigar da ka ɗinka mini!"

Mushe kowa ke ce masa, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, har matarsa Iya Hajo, har mu jikoki. Ni kuwa Madam Mafarki yake kirana, don in an aike ni sayen ƙuli sai a tarar da ni tsaye ina kallon tattabaru.

Kun san tattalinsa. Bai taɓa hawa kabu-kabu ba. In zai je garin Tsibiri gaisuwa, sai kekensa mai kuka kamar an taka kyanwa. Yana da gwangwanin madara cike da guntayen alli da ya tsinta a ƙasan allo tun yana aiki, wasu ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Ran nan wani tsohon ɗalibinsa, Alhaji Sabi'u, wanda manyan motocinsa ke ƙetare iyaka da kaya, ya aiko masa da sabon babur. Mushe ya ce mai kyauta ya zo da ƙafarsa. Alhaji ya zo, babbar riga tana ta ƙamshi, ya durƙusa a zaure.

"Sabi'u, bakwai sau takwas?"

Alhaji ya dubi rufi, ya dubi direbansa. "Hamsin da... huɗu, Mushe?"

"Ka gani! Dukiya ta zo, bakwai sau takwas na hanya. Ɗauki baburinka."

Don kada a koma da kunya, Alhaji ya aiko da kwalin sabon alli. Shi kam Mushe ya karɓa, ya ɗora bisa kabad, bai ko ɓare shi ba.

To, ga yadda na faɗa hannunsa. Shekarar da na faɗi jarrabawar bak, ta gama sakandare, karo na biyu, wani darakta da ya san babana ya zo gidanmu. Makarantarsu tana wani ƙauye gaba kaɗan da Jiratawa, iyaye sun kafa rumfar kara don ajin farko, yara sun yi rajista, malami ne babu. Ya ce in na yarda in zo bayan hutu, amma yana son amsa cikin mako biyu. Mamata ta ce in tafi, zama ba ya ƙara komai. Babana ya ce in sake zama jarrabawa. Ni kuma abin da ke damuna daban: ban taɓa taka makarantar horon malamai ba. Wanda ya karkata dashe tun yana ƙarami, wa zai miƙar da shi? In na ƙi kuwa, yaran nan za su koma gona da kiwo, shekara ta wuce su.

Na san ra'ayin Mushe kan malamai marasa takarda, don kowa ya sha jin sa. "Alli ba muciya ba ne, kowa ya ɗauka ya tuƙa!" Duk da haka wurinsa na tafi. Har da 'yar waƙar da na rubuta a kan hasken ilimi na karanta masa.

Ya saurara ido rufe. Da na gama ya ce, "Daɗi gare ta. To Madam Mafarki, in yaro ya yi fitsari a wando tsakiyar hasken nan, mi za ki yi?"

Na naɗe takardar waƙata. Ya ci gaba:

"Gobe takwas. Ki zo ki koyar in gani."

Kashegari na tarar ya mai da zaure aji. Tsohon ƙyaure ne allo. Ɗalibai uku a tabarma: Iya Hajo tana ta mita an raba ta da wankin gero, Hamisu tela da almakashi a aljihu, sai Mushe can baya. Ya cire hula ya aje gefe, ya tattare ƙafafu, ya maƙale murya.

"Ni sunana Tanko. Shekarata shida."

Wayyo, Tanko! Ban taɓa ganin yaro irinsa ba. Ina rubutu yana ɓare gyaɗa. Na juya, ya ɗaga hannu: "Madam, akuyarmu ta haihu." Na ce to madalla. "Biyu ta haifa." Na ce na ji. "Ɗaya baƙi." Iya ta ce, "Kai tsohon nan, ka ji tsoron Allah!" Ya nuna ta: "Madam, ta zage ni!" Hamisu yana ta dariya har da riƙe ciki.

Duk wannan na jure. Amma da na raba musu ƙananan alluna na ce a kwafi abin da na rubuta, sai Tanko ya ɗauki alli da hannun hagu. Na ce ya mayar dama. Ya mayar, ina juya baya ya koma hagu. Sau uku. Raina ya ɓaci, na ɗauki tsumagiyar da shi da kansa ya aje mini kusa da allo, na daka masa tsawa.

Sai ya tashi. Ya ɗauki hularsa ya sa, muryarsa ta dawo ta Mushe.

"Sifiri. Tanko ya tahi gida, kuma ba ya dawowa. Gobe takwas."

Haka muka yi ta yi. Rana ta biyu ban taɓa tsumagiya ba, na dai ce, "Dubi 'yan'uwanka, kowa da dama, kai kaɗai ne daban." Hula ta hau kai. Sifiri. Rana ta uku na yi kamar ban gan shi ba, na ci gaba da sauran. Sai ya ja jiki a hankali har bakin ƙofa, ya sa hula. "Wanda ba a gani ba, shi ma tahiya shika yi." Rana ta biyar na yi kuka a gaban ɗalibaina. Iya ta ce masa in ya kashe mata jika sai ya dafa wa kansa tuwo. Ya ce, "Gobe takwas."

Rana ta tara, saura kwana biyu in ba darakta amsa, na riga na yanke a raina cewa ba zan iya ba. Na zo ne kawai don kada a ce na gudu. Da Tanko ya ɗauki alli da hagu, gajiya ta sa na zauna a tabarma gefensa. Na ce, "Tanko, nuna mini yadda kake yi." Na karɓi guntun alli da nawa hagun, na gwada. Abin da ya fito ya fi kama da tsutsa. Tanko ya ƙyalƙyale. "Madam ba ta iya ba!" Ya kama hannuna yana gyara mini. Muka cika allon nan, muka share da gefen zane, muka sake cikawa. Sai da Iya ta ce rana ta take tsaka muka farga.

Ya daɗe kafin ya sa hular. Ya ce, "Biyar bisa goma."

"Haba Mushe! Biyar kaɗai?"

"Biyar ta isa a wuce. Tahi ki karɓi ajinki. Amma kowane hutu ki zo nan da littattafanki. Takarda ba ta koyarwa, sai dai in ba ki nemo ta ba, yaranki za a raina."

Ya miƙo mini gwangwanin madara. Na ɗaga kai na dubi kwalin Alhaji Sabi'u bisa kabad.

"Sauke idonki! Malama mai rabin takarda, guntu ya dace da ita."

Na tafi. Rumfar kara, yara a ƙasa, iska na shigo mana da ƙamshin albasa daga lambunan Jiratawa. A mako na farko na ga wata 'yar siririya, Saratu, tana ɓoye allonta ƙarƙashin hijabi. Na je na zauna gefenta. Yanzu ita ke karanta wa babanta takardun asibiti.

Shekara huɗu na yi ina koyarwa ina karatu kafin takardata ta fito. Mushe bai gan ta ba, ya rasu saura wata biyar ta fito. Ranar da na kai wa Iya, ta shafa ta, ta hau kujera ta sauko da kwalin nan, ƙura ta rufe shi. Ta ce ya bar wasiyya sai ranar za a ba ni.

Muna dariyar Tanko, na ce, "Iya, wai ina ya samo sunan nan?"

Ta dube ni. "Au, bai faɗa miki ba? Ai shi ma ba shi da takardar komi sa'ad da ya fara, sai ta gama firamare. Shekararsa sha bakwai aka ba shi aji a Tsibiri. Akwai wani yaro bahago, Tanko. Makon farko ya zane shi a kan hannun nan, yaro ya fita bai sake dawowa ba. Ya bi shi gida ya fi sau goma, uban ya ce ya tahi kiwo." Ta share ido da bakin mayafi. "Shekara da shekaru yana hana mu sakat da ƙarfen nan, a kan yaro guda."

Allah Ya jiƙan Mushe, Ya yafe masa makon nan na farko, Ya ba shi cikakkiyar goma. Tanko kuma, in yana raye, Allah Ya sa albarka a hannunsa.