Mai Saita Inji da Kunne

"Ai shi ba ya duba allo, da kunne yake saita inji."

"Da can ke nan. Yanzu kira shi ta baya ka gani."

A wata masana'anta ce a unguwar Idu, inda ake zana sunaye a farantan ƙarfe. Wanda ma'aikata biyun nan suke gulmarsa dattijo ne siriri, rigar aikinsa ta koɗe amma ta sha guga. Yana tsugune gaban wani tebur da inji ke turawa gaba da baya. Dole teburin ya tsaya cak inda aka umarce shi, amma yau sai ya zarce, ya yi rawa, ya ɓata faranti.

Dattijon yana rage lamba a akwatin sarrafawa, yana karkata kai. Da alama shekara da shekaru kukan injin ne ke gaya masa ko ya matse da yawa. Ya kai kunnen dama, ya juya na hagu. Can ya saci kallon ofishin manaja, don in aka gane ya fara kurumcewa, aikinsa ya ƙare. Ya ɗora tsinin sukudireba a jikin injin, ya cije ƙotar da haƙora ko zai ji kukan ta nan, ya rufe ido. Injin yana ta tsuwa, kowa na yamutsa fuska ban da shi.

Ya juya ga matar da ke jera farantai. A zatonsa raɗa yake yi, alhali har bakin ƙofa ana jinsa.

"Madam Justina, don Allah ara min kunnenki. Yana kuka ne, ko ya yi shiru? Kada oga ya sani."