Launin da Ba na Marina Ba

Ni malamin asibiti ne a Sakkwato a shekarun da ake ta shirin karɓar mulkin kai, kuma aikina ɗaurin miki. Ɗakina yana can ƙarshen baranda, da dogon benci a bakin ƙofa. Kafin hantsi bencin ya cika: mahautan da wuƙa ta zame musu, matan da kunu ya ƙona, da masu gyambon ƙafa. Ina da farar riga mai maɓalli, ga almakashi a aljihu, ina kuma jin Turanci daidai gwargwado. Gidanmu gidan malamai ne, ni kaɗai na yi boko. Waɗannan abubuwa suka taru suka kumbura mini kai. Gara in faɗa da bakina tun yanzu, don duk abin da ya biyo baya daga nan ya fito.

Lokacin allurar fanisilin ce ke tashe. In ka ba mutum ƙwaya ya haɗiya, sai ya tafi yana ƙunƙuni wai an raina masa ciwo. Allura yake so, mai zafi, wadda zai yi ɗingishi har gida. Ban ga laifinsu ba, don ni ma na ga aikinta. Na ga maruru ya sace cikin kwana uku, na ga mai ciwon haƙarƙari da aka fara yi wa salati ya tashi ya nemi fura. A zuciyata na riga na gama hukunci: duk mikin da ya ƙi fanisilin, mai mikin ne bai bi doka ba.

Wata safiya aka kawo wani dattijo marini daga wajen Ƙofar Marke. Ba sai an gaya maka sana'arsa ba, hannunsa shuɗi ne har gwiwar hannu, farcensa kuwa ya koma baƙi. Ya zame ne a bakin rijiyar rini, tsinin wani itace ya tsaga masa ƙwauri. Mikin yana da tsawo amma ba zurfi, irin wanda kan warke cikin mako biyu. Na wanke, na ɗaure, na yi masa allura. Na ce kada ya kuskura ya je marina sai ya warke, don ruwan can da toka da ƙazanta. Ya ce, "Na ji, Malam."

Ga yadda nake wanke miki a lokacin. Maganin wankin yakan zo mana da ƙarfinsa, mu ke sirka shi da ruwa a wata babbar kwalba. Kaya ba sa zuwa a kan kari, sai mota ta ɗauko su daga tashar jirgi a Gusau, saboda haka na koyi tattali. In kwalbar ta yi rabi sai in ƙara ruwa daga randa, in ɗiga magani kaɗan, in girgiza. Ban taɓa juye ta na wanke ba. Kowace safiya in tsiyaya a tasa guda, in jiƙa auduga a ciki, in bi bencin nan kaf da ita. Bai taɓa zuwa mini a rai cewa abin da ke kashe ƙazanta zai iya ƙazanta ba.

Rana ta biyar da na kwance bandejin dattijon sai na ga ya rine. Shuɗi-shuɗi ne, kore-kore, ya ratsa audugar har waje. Ga wani wari mai zaƙi-zaƙi, kamar na mangwaron da ya nuna ya zarce. Na dubi bandejin, na dubi hannunsa, ban tsaya wani tunani ba.

Na ce, "Baba, mi nic ce maka? Ka koma marina."

Ya ce, "Malam, tun rad da kah hana ni ban taka marina ba. Ɗiyana ka aikin."

Na ɗaga bandejin da hantsaki na nuna masa, na nuna wa mutanen benci. Aka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya karɓi bandejin, ya kai shi wajen haske, ya murza da yatsa, ya sansana, yadda na sha ganin marina suna yi wa zane.

Ya ce, "Wanga ba shuni ba na. Shekara arba'in hannuna na cikin rini. Shuni ba shi yin tsanwa hakanga, kuma ba shi da wanga wari."

Na ce to na ji, na ƙara masa allura. A raina na ce tsoho ne, kunyar kamun da na yi masa yake ji.

Mako guda yana zuwa ba fashi. Kullum allura, kullum bandeji ya fito kore. Mikin ya buɗe baki, gefensa ya yi laushi, naman da ya fara tsirowa ya narke. Da farko da ƙafarsa yake zuwa, daga baya sai da sanda. Likitanmu Bature ne, shi kaɗai ne, kuma ya fita rangadi ƙauyuka. Ko da yana nan ma ban tabbata zan kai masa dattijon ba, don ina ganin na riga na san matsalar. Ƙafar mutum tana lalacewa a hannuna, ni kuwa abin da ya dame ni shi ne ya amsa laifinsa.

Ranar da abin ya ɓaci, akwai wani mahauci zaune kusa da shi, mai yanka a tafin hannu. Na kwance nasa bandejin, sai ga shi shi ma da ɗan kore a tsakiya. Na yi sauri zan jefa shi a bokiti, amma idon dattijon ya riga ni.

Ya ce, "Malam, diba hannun mahaucin ga. Shi ma marina yat tahi?"

Na yi kamar ban ji ba. Ya ci gaba, a hankali, ba da faɗa ba.

"Mu wurin aikinmu, in zane biyu sunka hito launi guda, ba mu tambaya, mun san rijiya guda sunka shiga. Ni da shi ba mu haɗa komi ba sai tasag ga taka."

Ya nuna tasar da sandarsa. Kowa a bencin ya juya yana kallon tasar. Ni kuwa jini ya hau mini kai. Marini, wanda bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, shi zai ce maganin asibiti ne ke ruɓar da miki, a gaban mutanen da ke kirana Malam? Na ce masa bisa benci guda suka zauna, shuninsa ne ya shafi mahaucin. Ya ɗaga hannu ya rantse da Allah bai je marina ba. Dattijo ne sa'an mahaifina, kuma a gidanmu an koya mini nauyin rantsuwa tun kafin in iya ɗaura wando. Duk da haka na buɗe baki na ce, "Baba, ƙarya kaka yi."

Ya jira na gama ɗaure masa ƙafa, ya dafa sanda ya tashi, ya yi wa mutanen benci sallama. Kashegari bai zo ba, jibi ma haka. Na ce wa kaina ka gani, ya koma wa rininsa.

Bayan kamar kwana goma likita ya dawo. Yana wucewa ta baranda sai ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya shigo ya leƙa bokitin bandeji. A lokacin ba mahaucin kaɗai ba ne, akwai wata mata mai ƙuna da wasu masu gyambo, duk nasu ya fara kore. Ya ce ya san wannan wari tun lokacin yaƙi, a jikin sojojin da wuta ta ƙona. Bai tambaye ni ko su waye marasa lafiyar ba. Ya tambaye ni da me nake wanke miki, da yaushe rabon da in juye kwalbar. Na faɗa masa gaskiya, ya rufe ido ya buɗe.

Ya ɗebi ɗigo daga kwalbar ya shafa a wani ɗan faranti na gilashi mai abu kamar daskararren romo, ya ɗiga fanisilin a tsakiya, ya rufe. Bayan kwana biyu ya kira ni. Farantin ya yi kore shar, har kan inda aka ɗiga maganin, ko kaucewa abin bai yi ba. Ya bayyana mini cewa wata ƙwayar cuta ce mai son ruwa da danshi. Tana nan ko'ina, a randa, a kwata, a jiƙaƙƙen tsumma, kuma ba ruwanta da mai lafiya. Sai ta sami fata a buɗe ko jiki ya raunana take shiga. Fanisilin ba ya yi mata komai, sai ma ya kashe sauran ƙwayoyin ya bar mata fili. Maganin wankin da na yi ta sirkawa kuwa ya yi raunin da har ta mai da kwalbar gidanta. Launin nan ita ke yin abinta. Ya sa aka fasa kwalbar, aka dafa tasa da hantsaki, aka koma wanke mikin da ruwan tsami irin wanda Turawa ke zuba wa ganyen da suke ci ɗanye. Da zafi, mahaucin har ashar ya yi, amma cikin mako guda koren ya ɗauke.

Ya kamata in tafi neman dattijon tun ranar da likita ya leƙa bokiti. Ban tafi ba. Na jira faranti, wai ko zai wanke ni. Da farantin ya ƙi, na ƙara kwana biyu ina juya yadda zan dube shi. Kunya ce kawai, ba ni da wani dalili. Ranar Juma'a bayan an sauko na hau keke na nufi Ƙofar Marke, na yi tambaya aka nuna mini gidan. Tun daga zaure na ji warin. Yana kwance a tabarma, ƙafar ta kumbura har gwiwa, jikinsa zafi rau. 'Ya'yansa suka ce tun ranar ya hana a mai da shi asibiti, ya ce ba zai koma inda rantsuwarsa ba ta da daraja ba. Na durƙusa na roƙe shi, da kyar ya yarda aka ɗora shi a jaki.

Ruwan tsami bai yi masa amfani ba, abin ya riga ya kai ƙashi. Likita ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Na yi shekaru masu yawa a wannan aiki bayan Turawa sun tafi, kuma ni da wannan ƙwaya mun sha haɗuwa, a ɗakin masu ƙuna, a kunnen yara, a jikin tsofaffin da aka sa wa robar fitsari. An kawo sababbin magunguna da ke kashe ta, wasunsu daga baya ta saba da su. Duk sabon ma'aikacin da aka turo mini, abin da na fara koya masa shi ne juye kwalba. Suna ce mini tsoho mai mita, ban damu ba.

Dattijon kuwa, kafin a sallame shi na je gefen gadonsa na nemi gafara.

Ya ce, "Ƙahwa ta Allah ta, Shi yab ba ni, Shi yak karɓa. Wagga na yahe maka, ɗana. Amma rantsuwata ina son ka mai da mani. Inda kac ce na yi ƙarya, can za ka tsaya ka ce ban yi ba."

Kashegari da hantsi, benci ya cika, na tsaya a bakin ƙofa da farar rigata. Na ɗaga murya na ce marinin nan na Ƙofar Marke bai yi ƙarya ba, ni ne na yi kuskure, cutar daga tasata ta fito. Suka zuba mini ido. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya san wane marini nake nufi. Mahaucin ya warke ya koma kasuwa, mai ƙunar ta koma ƙauyensu, sauran duk sun watse. Wata tsohuwa ta ce Allah Ya kyauta, ta miƙo mini ƙafarta.

Na koma na gaya masa na cika alkawari. Ya juyo da kai ya dube ni, ya ce, "Su wa sunka ji?"

Na tsaya riƙe da ƙarfen gadon, ban sami sunan ko mutum ɗaya da zan ba shi ba.